Mitar da Ta Wanke Baffa Buba

Har yau ban taɓa mantawa da ranar Talatar da Manaja ya kira mu ofis a kan maganar Baffa Buba ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi ina aikin wuta, wannan zan ba ku, musamman ku da kuka shigo sana'ar kuka tarar da mita mai lambobi a jikin kowane allo, kuna ganin kamar da ma haka abin yake.

Lokacin shekara huɗu ke nan da ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a gefen garin Haɗeja, ba nisa da kogi. Manoma suna kawo shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, mu busar, mu cashe, su ɗauka. Ni ne ma'aikacin wuta mai daraja ta ɗaya. Ga waɗanda ba 'yan sana'ar ba, ana fara jarrabawar ne daga daraja ta uku, sai ta biyu, sannan ta ɗaya, kuma mai ta ɗaya shi ake yarje wa ya haɗa babban allon wuta ya sa hannu a katin aiki cewa ya gama. Sama da ni akwai Injiniya Yohanna, mutumin Kudancin Kaduna, wanda ya daɗe a Haɗeja har 'ya'yansa ba su san wani gari ba. Sama da shi sai Manaja, Alhaji Sabo. A ƙarƙashinmu kuma akwai masu kula da inji, kashi biyu: 'yan aikin safe daga ƙarfe shida zuwa biyu, 'yan aikin yamma daga biyu zuwa bayan isha'i.

Baffa Buba shi ne babban mai kula da inji na aikin yamma. Iyayensa makiyaya ne a wajen Kirikasamma. Da bala'in fari ya cinye musu shanu sai ya shigo gari, ya fara da dakon buhu a kamfanin, a hankali ya koyi inji har ya fi waɗanda suka koya masa. Bai yi boko ba, ko sunansa da babban yatsa yake dangwalawa. Amma in yana tsaye a ƙarshen zaure, ana ta ƙara da ƙurar ɓuntu, wato ɓawon shinkafa, zai iya gaya maka wane bel ne ya saki. Ya kusa sa'an mahaifina, shi ya sa kowa ke ce masa Baffa.

Bari in yi ɗan bayani kan wutar kamfani, don abin da ya biyo baya ya fito fili. Wutar gida layi ɗaya ce. Ta kamfani layi uku ce, ja da rawaya da shuɗi, kuma babban moto, wato injin lantarkin da ke juya na'urar casa, yana shan ukun ne a lokaci guda. In suka zo daidai da juna, lafiya lau. In ɗaya ya yi rauni, moton ba ya tsayawa, sai ya ci gaba da juyawa yana jan abin da ya rasa daga sauran biyun, yana zafi a ciki, har koyil, wato wayar da aka naɗa a cikinsa, ya ƙone. Tsohuwar mitarmu mai allura ce. Layi ɗaya take nunawa sai ka murɗa maɓalli ta nuna na gaba, kuma abin da ya wuce ya wuce, ba ta riƙe komai.

A kakar da ta gabaci wannan, babban moto ya ƙone a hannun Baffa. Kamfani ya tsaya mako biyu ana jiran mai naɗin koyil a Kano. Aka kafa kwamitin bincike, aka kira ni shaida, aka tambaye ni ko wayoyi lafiya suke, na ce lafiya lau. Kwamiti ya yanke cewa Baffa ne ya ɗura wa inji shinkafa fiye da ƙima. Aka ba shi takardar gargaɗi ta ƙarshe. A dokar kamfanin, wanda ke da irin wannan takarda a fayil ɗinsa, in ya sake wani laifi babba, sallama ce kawai.

Saboda wannan ƙonewar ne masu kamfani suka sayo sabuwar mita. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi littafin aljihu biyu ba, da fuska mai jajayen lambobi da maɓallai huɗu a ƙasa. Ni da Injiniya muka haɗa ta wata Asabar kafin kaka ta kama. Muka zura kowace waya cikin zobenta mai auna yawan wutar da ake ja, muka jona ƙananan wayoyi uku a bayan babban makunni. Tana nuna ƙarfin layi ukun, tana da agogo a cikinta, tana kuma riƙe lokacin da inji ya tashi da lokacin da ya tsaya. Da ma'aikata suka ji wannan na ƙarshen sai suka sa mata suna Magulmaciya. Wasu har rage murya suke yi in sun zo wucewa ta gabanta, rabi wasa rabi gaske.

Tsarin da aka yi shi ne duk Litinin Injiniya zai karanta abin da ta riƙe, ya kwafe a littafi, ya kai wa Manaja. A mako na uku da fara kaka, littafin ya nuna an kashe babban moto sau goma sha ɗaya cikin kwana bakwai. Duka tsakanin ƙarfe uku da biyar na yamma, duka a lokacin Baffa, kowanne kusan rabin awa, kuma ba ɗauke wuta aka yi ba. Su kuwa motocin shanshera sun yi layi har bakin titi. Wani Bulama, mai garin wani ƙauye a wajen Auyo, ya riga ya shiga ofis ya yi ƙorafi, ya ce mutanensa sun fito da shinkafarsu a kwalekwale, sun yi hayar mota, yau kwana uku tana jibge da danshi, ta fara wari.

Ranar Talata da hantsi aka aika gida aka kira Baffa. Ni da Injiniya muna tsaye, Manaja yana zaune da littafin a buɗe.

"Baffa, kai ne kake kashe inji da yamma?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya ba ka izini?"

"Ba wanda ya ba ni. Muryarsa ce take sauyawa. In la'asar ta kusa sai ya fara nishi, irin wanda ya yi bara kafin ya ƙone. In na kashe ya huta, sai ya dawo daidai."

Manaja ya juyo gare ni. "Habu, ka ga wani abu a injin nan?"

Na ce sau biyu Baffa ya aika a kira ni, amma kafin in iso ya riga ya kashe, da muka tayar kuma ban ga komai ba. Gaskiya na faɗa, sai dai na ga yadda Baffa ya sunkuyar da kai.

Manaja ya rufe littafin. Ba azzalumi ba ne, mutum ne da aka matsa wa ta sama da ta ƙasa. Ya ce, "Bara ka ƙona, bana kana kashewa. Na'ura ba ta san ka ba balle ta yi maka ƙarya. Ka san abin da ke cikin fayil ɗinka."

A nan Injiniya ya yi magana. Ya ce, "Alhaji, ka ba ni kwana biyu. Tambaya ɗaya muka yi wa mitar nan, yaushe aka kashe inji, ta kuma ba mu amsa. Ba mu tambaye ta me ke faruwa kafin a kashe ba. Laifina ne, shafin farko kawai nake kwafa."

Manaja ya ce ya ba mu zuwa Alhamis da safe.

Ranar Laraba da ƙarfe biyu muka sa benci a gaban allon wuta muka zauna. Injiniya ya ce wa Baffa ya yi aikinsa kamar ba ma nan. Da farko layi ukun suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne kusan ɗari biyu da talatin da biyar. Wajen ƙarfe uku aka kunna na'urar busarwa, don a lokacin ne shinkafar da aka auna da safe take kaiwa gare ta, nauyi ya ƙaru a kan layi. Minti ashirin ba abin da ya faru. Sai lambar rawaya ta fara sauka. Ɗari biyu da ashirin. Ɗari biyu da biyar. Ja da shuɗi suna nan inda suke. Ni dai kunnena bai ji wani bambanci ba, ƙara ce kawai irin ta kullum.

Baffa yana can ƙarshen zaure, ya ba mu baya, yana duba bakin buhu. Ba ya ganin mitar, ko ya gani ma ba zai karanta ba. Da rawaya ta kai ɗari da casa'in sai muka ga ya ɗaga kai. Ya saki buhun, ya tako da sauri ya ɗora tafin hannu a jikin moto, sannan ya dube mu.

"Ga shi nan ya fara," ya ce. "In kashe?"

Injiniya ya ce, "Kashe, Baffa."

Bayan an kashe, Injiniya ya ɗauko littafin da aka sayo mitar da shi, ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya har ya kai shafin da take riƙe faɗuwar ƙarfin wuta. Muka jera shi da jerin lokutan da aka kashe inji. Sau goma sha ɗayan nan, babu ko ɗaya da rawaya ba ta faɗi ba minti ɗaya ko biyu kafin Baffa ya kashe. Da ya bar shi yana juyawa ko sau ɗaya, da mun sake yin mako biyu muna jiran mai naɗin koyil, a tsakiyar kaka.

Saura a san inda matsalar take. Muka tayar da inji, muka jira rawaya ta sake faɗuwa, Injiniya ya fita da mitar hannu ya auna a gindin taransifoma. Ya dawo ya ce a can layi ukun daidai suke. Ke nan ɓarnar tana tsakanin taransifoma da babban makunninmu, kuma a tsakanin nan ba komai sai waya guda da mahaɗarta. Ya ce yau a yi aiki ba tare da na'urar busarwa ba, gobe da sassafe mu katse wuta gaba ɗaya mu buɗe.

Yana faɗar haka sai na tuna.

Shekara biyu kafin nan, da aka kawo na'urar busarwa, ni na ja sabuwar waya mai kauri daga taransifoma. Wayar ta alminiyom ce, bakin makunni kuwa jan ƙarfe ne. Waɗannan ƙarafa biyu ba sa zaman lafiya in aka haɗa su kai tsaye. A hankali wurin yakan ci, ya saki, in nauyi ya yi yawa ya yi zafi. Shi ya sa ake da wani kan waya na musamman, rabi alminiyom rabi jan ƙarfe, da ake matsewa a bakin wayar. Guda biyu na samu a sito. Na ukun babu shi duk Haɗeja, sai Kano. Injiniya yana gida hutun Kirsimeti, Manaja yana son a gwada na'ura. Sai na sa wa rawaya kan waya na jan ƙarfe zalla, na ce na mako ɗaya ne. Na naɗe shi da tef, na rubuta a katin aiki cewa an kammala. Mako ya wuce, aiki ya taso, na manta sarai. Ranar da na ce wa kwamiti wayoyi lafiya lau, ban san ƙarya nake yi ba. Amma yanzu na sani.

Makullin ɗakin allo yana hannuna. Ranar Alhamis ina idar da sallar asuba na hau keke, na isa kamfani kafin kowa sai maigadi. Na buɗe ɗakin, na ajiye jakar kayan aiki. Abin da zuciyata ta raya mini mai sauƙi ne: in katse wuta, in yanke bakin wayar, in jefa shi cikin tulin ɓuntu, in Injiniya ya zo in ce na tarar noti ne ya kwance saboda girgizar inji, na riga na gyara. Baffa ba za a kore shi ba, tunda mita ta riga ta nuna yana da hujja. Ba wanda zai cutu, haka na gaya wa kaina.

Sai dai noti da ya kwance bana ba zai wanke mutum daga laifin bara ba. Takardar nan za ta ci gaba da zama a fayil ɗinsa, kuma ni na san hannun da ya rubuta ta a gaskiya. Na daɗe a tsaye da sifana a hannu. Daga ƙarshe na mayar da ita jaka, na fito na zauna a kan benci a waje.

Da Injiniya ya iso na tare shi tun kafin ya kafe babur. Na ce, "Oga, kafin mu buɗe, bari in gaya maka abin da za mu gani." Na faɗa masa duka.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Habu, ka san abin da za a rubuta maka?"

"Na sani."

"To. Ni ma da na dawo hutu na sa hannu a ƙarƙashin naka ban buɗe na duba ba. Ɗauko kayan aiki."

Muka katse wuta daga taransifoma, muka kulle, muka gwada da testa, sannan muka cire murfi. Tef ɗin da na naɗa ya narke ya zama kamar kwalta. Kan wayar ya yi baƙi ƙirin, farin gari na zubowa daga cikinsa, robar wayar ta ƙone kusan taƙi guda. Ƙasan akwatin kuwa cike yake da ƙurar ɓuntu, busasshiya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ɓuntu ke kama wuta ya san ba moto kaɗai Allah ya tsare ba.

Ƙarfe tara muka shiga ofis, aka aika aka kira Baffa. Injiniya ya ajiye ƙonannen kan wayar a kan tebur kusa da littafin, ya yi bayani daki-daki, ya ce sauran Habu zai faɗa da bakinsa. Na faɗa. Manaja ya juya abin da bakin biro. Sannan ya sa aka kawo fayil ɗin Baffa, ya zare takardar bara, ya miƙe tsaye ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baffa, mun zalunce ka. Ka yi haƙuri."

Baffa ya karɓa ya ninke ta ya sa a aljihu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaushe za a tayar da inji? Mutanen Auyo suna waje."

Ni aka ba ni takardar gargaɗi, aka kuma ɗage ƙarin girmana shekara ɗaya. Injiniya ya nace sai da aka rubuta nasa sakacin a nasa fayil ɗin. A ranar ya hau motar Kano ya sayo kan wayar da ya dace, har da na ajiya. Juma'a da safe muka haɗa, lambobi uku suka tsaya daidai, har bayan la'asar ba wadda ta motsa. Shinkafar Bulama aka fara casa. Kaɗan daga ƙasan buhunan ta lalace, amma mafi yawa ta fita.

Ranar Lahadi da yamma na je gidan Baffa. Na same shi a bayan gida yana ba wasu shanu biyu harawa, su ne ya fara tarawa da guminsa. Na durƙusa na ce na zo neman gafara.

Ya ce, "Tashi, ɗana, ka zauna a tabarma." Da na zauna ya ce, "Ba takardar ce ta fi yi mini ciwo ba. Shekara guda ina tunanin ko kunnena ne ya fara yaudarata. In kunnen ya tafi, me ya rage mini a wurin nan? Ranar Laraba da na ga Injiniya ya dubi na'urar ya ce in kashe, ranar na yi barci. Na yafe maka duniya da lahira. Amma akwai abin da nake so."

Na ce ya faɗa.

"Ka koya mini lambobin nan. Tunda abin da nake ji shi take gani, gara mu san juna."

Haka aka yi. Kullum kafin ya karɓi aiki sai mu tsaya minti goma a gaban allo. Cikin wata biyu yana karanta layi ukun da kansa. Ni kuma ya riƙa sa ni in rufe ido in ɗora hannu a jikin moto in gaya masa abin da na ji. Ban taɓa kai rabinsa ba, amma na rage kurumta. Injiniya ya sauya tsari: kowace rana a karanta dukan shafukan mita, ba na tsayawar inji kaɗai ba, kuma duk mai kula da inji yana da ikon kashewa in ya ji abin da bai yarda da shi ba, ba tare da an tuhume shi ba, muddin ya kira ma'aikacin wuta nan take. Har na bar kamfanin, moton bai sake ƙonewa ba. Baffa ya yi shekara huɗu bayan nan ya ajiye aiki da mutuncinsa, aka yi masa walima a harabar kamfani.

Ku da kuke aiki yanzu, mitocinku sun fi waccan nesa ba kusa ba, wasu ma daga ofis kuke karanta su. Ku riƙe su da kyau, don alheri ne babba, ni shaida ne. Sai dai mita tana amsa abin da aka tambaye ta ne kawai. Ranar Litinin ta kusa korar mutumin kirki, ranar Laraba ta wanke shi, kuma ba ita ce ta sauya ba, mu ne muka ƙara tambaya. In lambobi suka nuna wani da yatsa, musamman wanda ba ya iya kare kansa da takarda, ku je ku zauna kusa da injinsa ku ga abin da yake gani kafin ku sa hannu. Aikin wucin gadi kuma, in dole ta sa kun yi, ku rubuta shi da sunansa a kati, don mantuwa ba ta neman izini.

Shekaru bayan haka, wani sabon manaja da ya ga fayil ɗina ya ce zai iya cire mini takardar gargaɗin, tunda ta tsufa. Na yi masa godiya na ce ya bar ta. Ita kaɗai ce takarda a cikin fayil ɗin da na san na same ta ne ta hanyar faɗin gaskiya.